Ƙwan Zabin da Gwaggo Ta Bari

Na Allah ne mu, wurinSa muka nufa, Gwaggo kuwa ta riga mu isa. Ta rasu wata Laraba da hantsi, cikin damina, gero ya kai gwiwa. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta sha kununta, ta ce a jingina ta da bango tana son ganin tsakar gida. Aka jingina ta. Shi ke nan.

Kafin azahar gidanmu na Batsari ya cika. Mutanen Tsaskiya, inda ta yi zaman aurenta, suka zo a kan babura, bakin zannuwansu duk taɓo. Mutanen Safana suka ciko a-kori-kura guda. Ina zaune a ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, kunnena yana tsintar maganganu. Wata tsohuwa ta bayan masallacinmu ta ce kazar da ta fara kiwo da ita Gwaggo ce ta ba ta, kuma har yau jikokin kazar nan ne a gidanta. Wata ta ce ita zagin Gwaggo za ta yi kewa, don matar nan sai ta zage ki tas ki tafi gida kina dariya. Wata kuwa ta shiga madafa ta kama wanke-wanke tana hawaye.

Amma duk wadda ta gama yabon, sai in ga ta saci kallon bakin akurki, inda ɗana na fari yake tsugune ya juya wa mutane baya. Sai ta rage murya.

"Shi kuma wannan bawan Allah, wa zai riƙe shi?"

Na ji tambayar nan ranar har na daina ɗaga kai. Saboda ita nake wannan rubutu, don amsarta tana cikin labarin Gwaggo, kuma ba na son a manta. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na fara riƙe alƙalami ina da 'ya'ya huɗu. Inda na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma ita ta haifi maigidana. Auren zumunci aka yi mana, muna so kuwa. Ni na fara kiranta Gwaggo, jikokinta suka ɗauka a bakina, har unguwa duka ta ɗauka.

Ranar da na haifi ɗan farina, ɗakin ya yi shiru irin wanda mai jego ba ta so. Hular da aka saƙa masa ta faɗo har hanci. Kansa ƙarami ne, goshin ya kwanta baya. Ni kuwa, kun san al'adarmu, ɗan fari ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a kiran sunansa, ba a tambayar lafiyarsa. Na juya fuska bango kamar yadda ake yi, amma kunnena yana wurinsa. Gwaggo ce ta karɓe shi daga hannun ungozoma, ta ɗaga shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Ga angona ya iso," ta ce. "Ƙaramin kai, ƙaramar hula. Na huta da tsadar masu ɗinki."

Aka yi dariya, shirun ya fashe. Tun daga ranar sunansa a gidanmu Ango.

Maganganu kuwa ba su jira an yi suna ba. Wasu suka ce na cika fita da magariba da ciki. Wasu suka ce an gan ni a kasuwar Batsari na tsaya kallon mai wasa da biri, shi ya sa yaro ya ɗauko kama. Na tsaya ɗin kuwa, wa bai tsaya ba? Ban gaya wa kowa ba, amma birin nan ya zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Ba ta jira yaye ba ta ɗauke shi. Nono kawai ake kawo shi ya sha a mayar mata. Sa'o'insa suka zauna, bai zauna ba. Suka yi rarrafe, suka miƙe, yana nan a bayanta. Duk wanda ya ce yaron nan ya makara, amsarta ɗaya ce, har yara suka haddace ta:

"Bai makara ba. Ku ne kuka yi sammako."

Ya zauna kuwa. Ya yi tafiya. Magana ta zo masa daga baya, kaɗan kaɗan, kuma har yau ba ya ɓarnar ta.

Faɗanta da aka fi tunawa a Tsaskiya a kansa ne. Wani suna aka yi, Ango ya tuntsurar da kwanon miya, sai uwar mai jego ta ce a fitar mata da wannan bara-gurbin, wato ƙwan da kaza ta ƙyanƙyashe saura ta bar shi a gurbi. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta ɗauki fantekar tuwon da ta kawo gudummawa, ta aza a ka, ta kama hannun jikanta suka fito. Damina biyu ba ta taka gidan ba. Aka yi ta kai da kawo, ta ce ita ba a yi mata laifi ba, ga wanda aka yi wa nan yana ba kaji ruwa. Sai da matar nan ta zo har gida, ta durƙusa gaban yaro ɗan shekara shida ta gaishe shi, sannan Gwaggo ta ce a kawo fura.

Kiwon kaji da zabi shi ne sana'arta. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, ta saka ƙwai a daji ta manta, don haka Gwaggo takan tsinto ƙwan ta sa wa kaza. A bakin akurkin nan ta buɗe wa Ango makarantarsa. Aiki ɗaya take ba shi, ba ta ƙara wani sai na farko ya zauna a hannunsa, ko da zai ci shekara. Watsa dusa ya fara koya. Sai ruwa a kasko. Sai rufe akurki da yamma. Sai haƙo gara a kai wa 'yan zabi. Sai gane kazar da za ta yi kwanci tun daga muryarta. In ya yi kuskure ba ta gyara masa da hannunta, sai ta zauna ta ce, "Ina kallo, angona. Ba inda za ni." Shekarar da rashin tsaro ya taso mu daga ƙauye muka dawo Batsari, mutane suna ɗaure buhuna, ita kwandon kaza mai kwanci ta rungume a bayan babur, Ango a babur na biyu da zakara a hammata.

Abu ɗaya ne bai bar ta ta huta ba, wata tambaya. Ta yi wa ungozoma, ta yi wa malamin asibitin Safana, ta yi wa likita a Katsina: mi ya tsaida kan yaron nan? In an ce mata ikon Allah, sai ta ce, "Na san Allah ne. Gero ma Allah ne, amma da ruwa yake hiddo shi. Hanyar nike tambaya." Likitan ya ce ƙwaƙwalwar ce ba ta girma sosai ba tun a ciki, ƙoƙon kai kuwa ita yake bi. Ta gode masa, da muka fito ta ce mini, "Wannan ai da idona na gani."

Ɗiyata, mai bi wa Ango, da wannan tambaya ta tashi a kunnenta. Ta yi boko har jami'a, ta karanci halittar jiki, ta koma digiri na biyu. Wani hutu ta dawo ta zauna gaban kakarta ta ce tana son ƙwai.

"Ɗauki ki soya."

"Ba ci zan yi ba, Gwaggo. Leƙawa zan yi."

"Ki leƙa mi? Mijin da kika ƙi kawo mana ne a ciki?"

Ta yi mata bayani cewa za ta sa ƙwan a injin ƙyanƙyasa, bayan kwana biyu ko uku ta yanka 'yar taga a ɓawon, ta duba da madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Gwaggo ta tambaye ta ko in ta gama leƙen ƙwan yana ƙyanƙyashewa. Ɗiyata ba ta iya ƙarya ba, ta ce yawanci ba ya yi.

"To je ki leƙa na kasuwa."

"Na gidan gona babu zakara, Gwaggo. Babu kowa a ciki."

"Wato mai rai kike so. Ba a akurkina ba."

Duk hutun nan Huda-ƙwai take kiranta. Ko fura yarinyar ta dama, sai ta ce a ba Ango ya sake damawa, kada a huda mata ƙwarya. Ana gobe za ta koma, ɗiyata ta jawo tabarma kusa da ita bayan la'asar, ta fito da waya. Ina gefe ina tsince shinkafa.

"Gwaggo, tambayarki nake bi. Ba tawa ba ce."

Ta nuna mata wani hoto mai motsi. Idon Gwaggo ya riga ya yi yana, sai da ta kai wayar kusa da hanci. Ni ma na matso. Abin da yarinyar ta faɗa na sa ta maimaita mini sau da yawa daga baya, don haka ina jin ban ɓata shi ba. Ta ce ko mutum ko kaza, farkon ƙwaƙwalwa da lakar baya wani ɗan siririn abu ne da ke naɗewa ya zama bututu, bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Jikin bututun nan ƙwayoyin halitta ne, waɗanda ido ba ya gani, su ne tubalin da ake gina jiki da su. Da fari aikinsu ɗaya: kowace ta rabu biyu, biyun su sake rabuwa, da sauri da sauri, kuma duk uwaye ne masu sake haihuwa. Sai a kai wani lokaci su fara jinkirtawa, hutun da ke tsakanin wannan rabuwa da ta gaba ya ƙara tsawo. Daga nan in uwa ta rabu, ɗaya ta zauna uwa, ɗaya ta tashi ta tafi wurin aikinta ta zama ƙwayar jijiya, irin wadda muke tunani da ji da motsi da ita. Wadda ta tafi ba ta ƙara rabuwa.

Gwaggo ta sauke wayar.

"Kajin iri da kajin kasuwa."

"Kusan haka."

"In mutum ya yi gaggawa ya kwashi kaji ya kai kasuwa tun akurki bai cika ba fa?"

"Sai kiwon ya tsaya ƙarami."

Gwaggo ta juya ta dubi jikanta. Ango yana can bakin katanga yana ƙoƙarin shigar da zabi, su kuwa suna yi masa gardama irin tasu.

"Shi ne na angona?"

"Irin nasa yakan zo ta nan. Uwayen su yi saurin sallamar 'ya'ya, ko su ƙare da wuri. Abin da aka samu an gina shi, yana aiki. Yawan ne bai kai ba."

Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta gyara zama kamar mai ciniki.

"To wa ke kira masu lokaci? Ina ladaninsu?"

Ɗiyata ta yi dariya ta ce ba ladani ɗaya ba ne. A cikin kowace ƙwaya akwai sinadaran da ke hawa su sauka, su hau su sauka, kamar numfashi. Muddin suna wannan hawa da sauka, ƙwayar tana nan uwa. In abin ya tsaya, sai ta kama hanya. Kuma wadda za ta tafi takan taɓa ta kusa da ita ta ce mata ke dakata, don kada a watse gaba ɗaya. Ga kuma saƙonni da ke zuwa daga ruwan cikin bututun da sassan da ke kewaye. Ta ce wasu an san su, wasu ba a gama sani ba, kuma tun da ba a leƙa cikin mace, a ƙwan kaza ake koyo.

"Unguwa ce ke nan," in ji Gwaggo. "Kowa da zakaransa, kuma maƙwabciya na buga katanga." Ta ƙara duban wayar. "Kada ki huda ko ɗaya a banza. In kin huda, ki kalla da kyau, ki zo ki ba ni labari."

Daga nan Gwaggo ta zama uwar aikin. Sai dai karon farko alherinta ya yi yawa. Ta ce yarinya tana wahala, bari ta rage mata aiki, sai ta sa wa kaza ƙwan suka sha ɗumi kusan mako kafin ta ba direba ya kai mata makaranta. Ɗiyata ta bugo waya, ba a gane dariya take ko kuka ba. Ta buɗe ta iske 'yan tsaki har da ido da bugun zuciya, abin da take son gani ya wuce tuni.

"Gwaggo, ni nake son in tada su da kaina, in san lokacin da suka fara. Kin tada su tun a gida."

Gwaggo ta yi dariyar kanta har tari ya kama ta. Duk wanda ya shigo sai ta ba shi labari: yau ita ce ta yi sammako.

Ashe ƙwan da aka saka yau, in an ajiye shi wuri mai sanyi, yana tsayawa 'yan kwanaki ya jira ɗumi. Ana bukatar mai kwashe shi da zarar an saka, kafin kaza ta hau. Gwiwoyin Gwaggo sun riga sun gaji. Ta nuna Ango da sandarta ta ce ga ma'aikaci. Shi kuwa duk abin da ake yi kullum a lokaci ɗaya, a nan ya fi kowa. Ya kwaso, ya ɗiga wa kowane gawayi, ya jera a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Ranar aikawa ya shirya su cikin dusa ya kai tasha da kansa. Ƙanwarsa ta yi ta auna yadda hutun ƙwayoyin nan ke ƙara tsawo daga yini zuwa yini, ta zo hutu ta ba kakarta labari, kakar ta yi mata gardama, su rabu ba su shirya ba, gobe su dasa.

Ranar da malamanta suka karɓi aikin ta dawo gida, Gwaggo ta yi guɗa da muryar da muka ɗauka ta tafi. Da aka natsa, sai ta dube ni, ta dubi yarinyar. Ta san kunya ba za ta bar ni in yi tambaya a kan ɗan fari ba, sai ta yi mini.

"Huda-ƙwai, biri fa? An ce uwarki ta kalli biri."

"Kallon biri ba ya shiga bututun nan, Gwaggo. Magariba ma haka."

Ta ce wani lokaci ciwo ne ke kama mai ciki ya taɓa ƙwayoyin. Wani lokaci kuma gado ne da ke ɓoye a jikin uba da uwa, su lafiya lau, sai in ya haɗu daga ɓangare biyu ya fito, kuma an fi samun haɗuwar a auren dangi. Ta ce ba za ta rantse wanne ne na yayanta ba sai da gwaji, amma na biyun ya fi kama.

Gabana ya faɗi, don Gwaggo ce ta ƙulla aurenmu. Na ce a raina yau yarinyar nan ta sauke mini kaya ta aza wa tsohuwa. Sai na ga tsohuwar ta dafa ƙirji, fuskarta ta washe.

"Ashe daga ɗakinmu ya hito. Rabi ta wurina, rabi ta wurin ƙanena. Shekara da shekaru ana ce mani na ɗauko wahala na aza ma kaina. Nawa ne, ciki da waje."

Ta ce na baya in za su yi na zumunci su fara zuwa asibiti su yi tambaya, ba laifi ba ne. Sannan ta aika aka kira mata matan unguwa, wai tana da sanarwa. Da suka taru ta ce su shaida, an wanke biri, an wanke ɗiyar ƙanenta, duk mai sauran magana a kan kan Ango ya zo wurinta, ita ce mai kayan. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Rabon da in yi numfashi irin na ranar tun ina amarya.

Ba ta cika shekara ba bayan wannan.

Mako ɗaya kafin rasuwarta, tana zaune a kan turmi, ta sa Ango ya jera wa baƙar kaza ƙwan zabi. Shi ne aikinta na ƙarshe.

Ranar sadakar uku wan maigidana ya tara mu. Ɗan kasuwar hatsi ne a Safana, mutumin kirki, ba na son a fahimce ni ba daidai ba. Ya ce tsohuwa ce ke riƙe da kiwon nan, yaro hannu ne kawai. A sayar da kaji da zabin tun ba su fara mutuwa ba, shi zai tafi da Ango Safana, ya ba shi ɗakin zaure, ba zai rasa ci da sha ba. Na san in aka raba shi da akurkin nan aka zaunar da shi a zaure yana jiran kwano, duk abin da Gwaggo ta gina a shekara talatin zai rushe. Bakina ya cika da magana, kunya ta riƙe shi. Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban manya. Maigidana, shi ma ƙane ne, abin da ya iya cewa kawai a bari a yi arba'in.

Ango bai yi magana da kowa ba kwanakin nan. Abinci ma sai an matsa. Masu zuwa gaisuwa suna girgiza kai. Ni dai ina lura, kowace safiya akurki a buɗe yake a kan lokaci, kasko da ruwa, an ɗaga baƙar kaza ta ci ta sha ta koma.

Sai kazar ta ba mu kunya. Ƙwan kaza mako uku yake yi, na zabi sai ya kai huɗu. Da makonta uku suka cika ba ta ji motsi ba, wata safiya ta sauka, ta karkaɗe jiki, ta bi zakara. Aka kama ta aka mayar, ta sake fita. Wata baƙuwa da ta kwana gidan ta ce ƙwan sun lalace, a zubar kafin su fashe su cika mu da wari.

Ango ya tsuguna ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ya cire hularsa, wannan ƙaramar hula, ya jera na jerawa a ciki, sauran ya naɗe a ƙyalle, ya tura duka cikin riga a kan cikinsa. Ya rungume, ya fita. Mutumin da ban da masallaci da tasha ba ya zuwa ko'ina sai an aike shi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ya bi zaure zaure yana sallama, ana ce masa babu. Har ya kai gidan tsohuwar nan ta bayan masallaci, wadda ta ce Gwaggo ce ta ba ta kazar farko. Ita ta ba ni labari da bakinta. Ta ce ta leƙo ta gan shi tsaye ya rungume ciki, ya buɗe baki ya ce, "Gwaggo ta ce..." Sai ya tsaya. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ni ne. Ina son aron kaza mai kwanci."

Tana da ita kuwa, wata ja da ta fara kwanci shekaranjiya. Bai ɗauko kazar ba, ya ce in an canza mata wuri za ta tashi. Can ya zura mata ƙwan, yana zuwa safe da yamma yana dubawa. Da mako ya zagayo, ina shara da hantsi na ji hayaniyar yara a waje. Sai ga Ango ya shigo da kwando a ka, yaran unguwa a bayansa kamar ana rakiyar ango na gaske. Ya sauke. Jar kaza ce da 'yan zabi masu zane a baya, suna ta tsalle. Biyu ne kawai ba su fashe ba.

'Yan zabi ba su da wuyar mutuwa da damina. Raɓa ta kashe su, sanyi ya kashe su, shirwa ta ɗauka. Ba ya sakinsu sai rana ta busar da ciyawa. Hadari na haɗuwa ya riga ya tattara su. Gara kuwa har bayan gari yake zuwa nema.

Ranar arba'in wan maigidana ya zo da kwanduna da igiya a bayan mota. Bayan an yi addu'a an shafa, ya shigo cikin gida ya tsaya bakin akurki. Ya dubi 'yan zabin nan suna bin jar kaza, ya tambayi ta wane ne. Aka ba shi labari. Ya juya wurin Ango.

"Kai, ɗana. Wa ya ce ka kai ƙwai gidan mutane?"

"Kaza uku ta sani. Zabo huɗu yake so."

"An ce sun lalace ai."

"Ba su makara ba," in ji Ango. "Kazar ce ta yi sammako."

Mutumin nan ya buɗe baki zai yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ya goge da bakin babbar riga. Duk da haka ya ce to, yau ya iya, gobe fa, in ciwon kaji ya shigo, in wani abu ya taso, wa zai tsaya masa?

Ina bakin ƙofar ɗakin Gwaggo. Ban shirya ba, sai na ji muryata.

"Yaya, ɗana ne. Zai iya. In ya gaza, ina nan."

Wata gwaggon maigidana ta rufe baki ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, uwa ta amsa ɗan fari da rana tsaka. Ɗiyata ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ango ya ɗago ya dube ni, ya koma kan 'yan zabinsa.

Wan maigidana ya ce shi ya yafe rabonsa a kiwon, maigidana ma ya yafe, 'yan'uwansu mata suka bi. Kwandunan da ya zo da su ya sauke ya bar wa Ango, ya ce za su yi amfani ranar kasuwa. Motar ta koma Safana ba kaza ko ɗaya.

Yanzu zabin sun girma, sun fara damun maƙwabta da kuka. Ƙanwarsa za ta ci gaba da karatun, ta ce tambayar Gwaggo ba ta ƙare ba, kuma da ta tashi neman ƙwai ba ni ta kira ba, ta ce a miƙa wa yayanta wayar. Masu tambayar wa zai riƙe shi ban ƙara jin su ba. Abin da nake ji shi ne sallama da sassafe a ƙofar gida, wata ta aiko kazarta ta ƙi kwanci, wani ya tsinto ƙwan zabi a gona. Maigidana yakan fita da carbi a hannu, ya dawo ya ce, "Ba ni ake nema ba."

Allah Ya lulluɓe Gwaggo da rahamarSa, Ya yafe mata zafin bakinta don sanyin hannunta, Ya haskaka makwancinta. Ya tashe ta cikin masu murna ranar da za a tashi kowa, a lokacin da Shi kaɗai Ya sani. Mu kuma in namu ya yi, Ya sa mu cika da imani. Amin.